Warin Bakin Karyar Barmo

Ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, don ba zan maimaita ba. Ƙirjina ba ya ɗaukar doguwar magana.

A Tsaunin Gada an yi wani tsohon maharbi, sunansa Barmo. Ya yi zamaninsa a daji. Lokacin da abin nan ya faru, yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, matarsa ta riga shi gidan gaskiya, ƙafa ma ta fara gardama. Abu ɗaya ya rage masa na daji, wata jar karya mai farar ƙafa guda, ana ce mata Ƙyale-su.

Ba karyar bola ba ce. Irin gidansu ce tun daga kakan Barmo, masu dogayen ƙafafu, ba sa haushi a kan sawu, ba sa cin abin da suka kama sai an ba su. Wata shekara ciwo ya shigo ya share karnukan gidan, ita kaɗai ta tsira. Da idon tsohon ya tafi, sai ta zama idonsa. Ya ɗaura mata igiya, ta kai shi gindin tsamiya wurin hira, ta kai shi bakin gona ya shafa dawa ya ji tsawonta. In za shi masallaci ta kai shi daidai wata ɗorawa ta tsaya, ta san iyakarta, daga nan ya lalubi bango. In ya fito tana nan.

'Ya'yansa uku ne. Babban shi ne Dogara, wanda ya gaji farauta. Sai Hansai, tana aure a Kwanar Marke, tafiyar rabin yini. Sai autan, Nomau, wanda kawunsa wanzami ya riƙe tun yana ƙarami, ya koya masa aski da ƙaho da cire haƙori, har ya bar masa zabira. A lokacin Nomau ne wanzamin garin. Shi ke aske Dagaci, shi ke aske Liman, shi ake kira ranar suna.

To, mako guda bayan Babbar Sallah, da damina ta yi tsakiya, sai bakin karyar nan ya fara wari.

Kowa ya san bakin kare ba turare ba ne. In ya ci mushe ko ƙazanta zai yi ɗoyi kwana ɗaya ko biyu, ya wuce. In ya tsufa, datti ya daskare a gindin haƙoransa, dasashi ya kumbura, warin yana zuwa a hankali, shekara da shekaru. Akwai kuma wanda ciwon ciki ne ko na ƙoda, numfashinsa ya riƙa zarni. Na Ƙyale-su ba ko ɗaya ba ne. Farat ɗaya ya zo, kamar naman da aka manta a tukunya kwana huɗu. In ta yi hamma a tsakar gida, wanda yake zaure sai ya tofar da yawu.

Dogara ya ce mushe ta ci, ya ba ta ruwan kanwa. Wata maƙwabciya ta ce tsutsar ciki ce, aka jiƙa maɗaci aka ɗura mata ta gefen baki. Wani ya ce iska ce, aka yi hayaƙi. Warin ya ƙaru. A cikin duk masu ba da maganin nan babu wanda ya buɗe bakinta ya duba. Kada ku yi dariya. Yawun kare najasa ne, in ya taɓa ka sai wanki bakwai, ɗaya da ƙasa, wa ke son wannan wahalar? Mu maharba kuma ƙafar kare muke dubawa, da hancinsa, da idonsa. Na yi shekara arba'in ina bin karnuka, ban taɓa ganin wanda ya leƙa cikin bakin nasa ba.

Daga nan ta daina cin abinci. Yawu ya riƙa dalala daga bakinta kamar igiya. Ta riƙa kartar fuskarta da ƙafa, tana goga baki a ƙasa. Rannan wata mata ta shigo ɗiban wuta, ta wuce kusa da ita, karyar ta yi mata gurnani. Matar ta watsar da garwashin ta fita da ihu. Kafin la'asar gari ya ɗauka: karyar Barmo ta haukace.

Ba zan zagi mutanen garin ba. Shekara uku kafin haka mahaukacin kare ya ciji matar maƙeri, kuma duk mun ga irin mutuwar da ta yi. Wanda ya ga wannan ba ya jiran dogon bincike.

Ranar Juma'a bayan an sauko, samari suka nufi gidan Barmo da gora da kulki. Suka tarar da Dogara tsaye a ƙofar zaure, hannu biyu a kan dogarin ƙofa.

"Matsa, Dogara. Ba da kai muke ba."

"Da ni kuke. Gidan ubana ne."

"Sai ta ciji wani sannan ka san gidan ubanka ne?"

"Wa ta ciza? Ku nuna mini shi."

Aka fara turereniya. Wani daga baya ya kai wa karyar duka ta ƙarƙashin hammatar Dogara, don ta leƙo, shi kuwa ya tare da hannun dama. Mun ji ƙarar ƙashin daga inda muke tsaye. Bai matsa ba. Da suka ga hannun yana lilo, jikinsu ya yi sanyi, aka ce a je gaban Dagaci.

A can Dogara ya durƙusa, yana riƙe da hannun da ɗaya hannun, gumi yana zuba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, iyayenmu sun ce mahaukacin kare ba ya kwana goma a duniya. A ba ni kwana goma. Zan kai ta tsohuwar gonar Baba a gindin dutse, in ɗaure ta da sarƙa, in zauna a kanta. In ta ciji wani, a karɓi bindigata, in bar garin."

Dagaci ya dubi karyayyen hannun. Ya ce, "Kwana goma. Ranar sha ɗaya zan zo da ƙafata. In na tarar tana wannan yawun da wannan warin, kai da kanka za ka harbe ta."

Haka aka yi. Aka ɗora masa hannu da kara, ya ja karyar zuwa bukkar gona, ya kafa turke. Ya zauna a nan. Lokacin maimai ne, ciyawa ta cinye gonarsa yana ji yana gani. Hannun nan kuma bai koma daidai ba, har yau in ya ɗaga bindiga bakinta rawa yake. Amma Dogara tsarewa ya iya, bai iya jinya ba. Ya jefa mata nama, ta shinshina, ta kau da kai. Kwana huɗu, ta kasa miƙewa.

A rana ta huɗun ne Hansai ta iso. A kasuwa ta ji labari, ta ajiye tallar man gyaɗarta wurin wata, ta kamo hanya. Ta tarar da uban a ɗaki, fuska a bango, tuwon jiya yana nan a rufe. Tun da aka fita da karyar bai taka ƙofar gida ba. An ce a ja shi da sanda, ya ce shi ba akuya ba ne. Ta sa aka kira 'yan'uwanta, su uku suka zauna a gabansa.

Barmo ya ce, "Karyar nan tana da ciki. Na ji da hannuna tun kafin Sallah. In ta mutu, irin kakana ya ƙare a hannuna. Duk wanda ya cece ta a cikinku, abin da ta haifa nasa ne." Ya juya ya kwanta. Nomau ya tashi ya koma wurin askinsa.

Hansai ta bi Dogara gona. Tun daga nesa warin ya tare ta. Ta zaga bayan bukka ta yi amai, ta kurkure baki, ta ɗaure hanci da gefen mayafi, ta dawo ta zauna. Ba ta yi komai ba sai kallo. Can ta zuba ruwa a kasko ta tura da kara. Karyar ta ja ciki ta zo, ta lasa, ta yi ƙara, ta sake lasa.

"Yaya, mahaukacin kare yana neman ruwa?"

"Gudunsa yake."

"To ita nema take. Kuma ta gane ni, dubi wutsiyarta. Yunwa take ji, ci ne ya gagare ta. Kai kuma ka tasa ta da tsoka kamar mai biki."

Ta hura wuta ta dama kunu tsararo, ta zuba romo a ciki, ta bari ya huce. Ta riƙa ba ta da ludayi, da farko daga nesa, hannu a miƙe, daga baya ta ɗora kan karyar a cinyarta. Kaɗan kaɗan, sau shida, sau bakwai a yini. Ƙudaje sun yi musu rumfa. Duk lokacin salla sai ta gangara rafi ta wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ta sauya zane, har fatar hannunta ta tsattsage tana jini. Mijinta ya aiko sau biyu. A na uku ya ce a gaya mata in kare ta zaɓa, to ta zauna da shi. Ta ce a gaishe shi. Sai da manya suka yi wata biyu suna sintiri kafin ta koma ɗakinta, kuma har yau dangin mijin uwar karnuka suke ce mata.

A rana ta bakwai tana ba ta kunu, ludayin ya shige ciki fiye da kullum, ta ji ya bugi wani abu, ƙwas. Ba haƙori ba ne, don a tsakiya yake, a sama. Ta jira rana ta take, karyar ta buɗe baki tana haki. Hansai ta kwanta a ƙasa, kunci a turɓaya, ta leƙa daga ƙasa. Sai ga wani farin abu ya gitta a ganɗa, wato rufin baki, ya tokare turamen haƙora na hagu da na dama kamar an kafa azara. Naman da ke kewaye da shi ya kumbura ya yi baƙi, mugunya tana tsattsafowa.

"Yaya, zo ka gani. Ƙashi ne."

Sun ga cuta, amma ganin bai cire ta ba. Hansai ta sa yatsa, karyar ta yi kururuwa ta fizge. Ƙashin ya nutse a nama, yatsa ba ya kama shi. Dogara hannu ɗaya gare shi. Malamin dabbobi yana can hayin kogi, kogi ya kawo, ko kwalekwale ba ya ƙetarawa. Abin da ake bukata awartaki ne siriri, da hannun da ya san yadda haƙori yake zaune a baki. A duk garin mutum ɗaya ne yake da su.

Hansai ta same shi yana wasa aska a ƙofar gidansa.

"Auta, ƙashi ne ya maƙale mata. Ba hauka ba ne."

"Na ji."

"To tashi mana."

"Yaya Hansai, da awartakin nan nake shiga bakin mutane. Kawu ya ce mini kayan zabira na ɗan Adam ne. In na sa shi a bakin kare, wa zai sake buɗe mini nasa?"

"Sai ka wanke."

"Ƙarfe zai wanku. Zancen fa?"

Ta tsaya ta dube shi. Ta ce, "Baba bai ci abinci ba yau ma." Ta tafi.

Rana ta takwas bai zo ba. Rana ta tara da hantsi sai ga shi da zabira a kafaɗa. Hanyar gonar ta bakin rijiya take bi, mata suna nan cike, duk sun gan shi, kuma sun san inda za shi. Bai gaishe da kowa a bukkar ba. Ya ce a dafa ruwa a sa gishiri. Ya naɗe wani guntun icce da tsumma, ya sa Dogara ya danne karyar da gwiwa da hannunsa mai lafiya, Hansai ta riƙe kai, ya tura iccen can ƙurya tsakanin muƙamuƙi don kada ta rufe baki. Ya sa awartaki. Bai fizga ba, wanda bai sani ba shi ke fizga, ya yaga ganɗar. Ya riƙa girgiza ƙashin a hankali, ya saki gefe ɗaya, sannan ɗayan. Da ya fito, jini da mugunya suka biyo shi, warin da ya tashi har Dogara sai da ya kau da kai, shi da ya saba feɗe mushe.

Nomau bai tsaya nan ba. Ya taɓa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya sami turame biyu da ƙashin ya tokare sun ruɓe suna girgiɗi, ya cire su. Ya kankare dattin da ya daskare a gindin sauran, ya yi kauri kamar ƙanzo. Ya wanke bakin da ruwan gishiri mai ɗumi, ya sake wankewa. Ya ce wa Hansai, "Safe da yamma, da tsumma mai tsabta. Abinci mai laushi kawai. In ta warke a riƙa goge mata haƙora da tsumma a yatsa, ko ba ta so. Ranar da kogi ya janye a kai ta wurin malamin dabbobi ya yi mata allura, don ruɓar ta yi nisa, gishiri kaɗai ba zai iya ba." Ya tattara kayansa.

Ya ƙona ƙarafan a wuta, ya tafasa su, ya wanke sau bakwai a gaban shaidu. Liman da bakinsa ya ce sun tsarkaka. Mutane suka ce haka ne, Allah gafarta Malam, suka riƙa tafiya ƙauyen gaba aski. Aka yi suna uku ba a kira shi ba. Kafin kaka Nomau ya ɗauki zabirarsa ya koma wata tashar mota, yana aske baƙin da ba su san shi ba.

A ranar da aka cire ƙashin, Hansai ta wanke shi ta kai wa uban. Ya karɓa, ya shafa shi daga wannan baki zuwa wancan. 

"Haƙarƙarin ragon layya ne," in ji shi. "Soyayye. Ni na ba ta, a ɓoye, ranar da aka kawo mini nawa. Ni da na hana ku ba kare dafaffen ƙashi tun kuna yara, don tsagewa yake. Na ce Sallah ce, ita ma ta ɗanɗana." Ya sa ƙashin a aljihu. Ya ce a kawo masa tuwo.

Ranar sha ɗaya Dagaci ya zo da ƙafarsa, kamar yadda ya ce, mutane a bayansa. Ya tarar da karyar a tsaye tana lasar kunu, yawu ya tsaya. Ya matso, ya sunkuya, ya ja numfashi. Ya ce, "Har yanzu dai ba za a gayyace ta ɗaurin aure ba. Amma wannan ba hauka ba ne. Ku kwance ta."

Karyar ta koma gida. Da kogi ya janye aka kai ta aka yi allurar. Warin ya tafi. Ta sake kai tsohon gindin tsamiya, ta sake tsayawa a ɗorawa. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki ta haihu. Huɗu ta haifa, uku babu rai, yunwar kwanakin nan ta cinye su tun a ciki. Ɗaya ce ta rayu, mace, ja, da farar ƙafa guda.

Barmo ya riƙe kwikwiyar a tafin hannunsa, ya shafa ta, amma bai ga yayenta ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi. 'Ya'yan suka taru. Dogara ya sunkuya ya ce, "Baba, kwikwiyar nan ta wa ce?" Ya ce, "Na faɗa tuntuni. Wanda ya ceci uwar." Bai ƙara ba. Ƙyale-su ta yaye 'yarta, ta riƙa zuwa ɗorawa tana kwanciya, ba a yi wata biyu ba ita ma ta bi shi.

Sai aka kawo mana maganar, mu dattawa.

Dogara ya ce ba don shi ba, da tun ranar Juma'ar nan an jefa gawarta a kwazazzabo, da babu wadda za a shayar, babu wadda za a cire wa ƙashi. Shi ya sayo kwana goman, da hannunsa na dama ya biya. Kuma shi ne maharbi, kare irin wannan a gidan maharbi ya dace.

Hansai ta ce kwana goman banza ne in karyar ta mutu a na biyar, kuma can ta nufa a hannun yayanta. Ita ta raya ta da ludayi, ita ta ce ba hauka ba ne lokacin da kowa ya yarda hauka ne, ita ta kwanta a ƙasa ta ga abin da maza ba su duba ba. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna mana tabo. Ta ce in ana maganar abin da aka rasa, ita aurenta ta ajiye a bakin bukkar.

Nomau ya zo daga tasha, ya zauna can gefe. Ya ce shi bai iya magana ba. Ya ce a tambayi su biyun, da suka tsare ta, suka shayar da ita, suka ga ƙashin, me ya hana su cirewa? Ranar sha ɗaya da ƙashin yana nan, da Yaya Dogara ya harbe ta da kansa. Aka ce masa ai sai da ya yi kwana biyu yana jan ƙafa. Ya ce haka ne, don shi ya san abin da zai rasa tun kafin ya tashi, kuma ya tashi. Su sun koma gidajensu, shi garin ma ya bari.

Sau uku muna zama a gindin tsamiyar nan. Kowane zama sai mu tashi da ciwon kai. Kwikwiya ɗaya ce, ba a raba ta uku, kuma babu wata irinta a duniya. Tana nan a gidana an ba ni ajiya, tana girma, tana cinye mini takalma, kullum da safe ni da tsufana ina naɗa tsumma a yatsa ina goge mata haƙora.

Ni na gaji. Ku da kuke da sauran ƙarfin musu, ga ta nan gabanku. Wanda ya tsare ƙofa, da wadda ta gano ƙashin, da wanda ya cire shi, wane ne a cikinsu ya ceci Ƙyale-su, da zan miƙa masa igiyar 'yarta?